Jinyar karena Duna: abin da na gani a kilinik ɗin dabbobi da gwajin antibiyogram

Salamu alaikum jama'a. Mutane da dama sun yi ta tambayata a WhatsApp wai ya anka ƙare da karen nan nawa da ya kusa mutuwa cikin damina, kuma ko gwajin da anka yi mashi ya ci kuɗinshi, shi ya sa na ce bari in zamna in rubuta sau guda kowa ya karanta. Ba zan ambaci sunan kilinik ɗin ba, don akwai abin yabo akwai kuma ƙorafi, kuma ba ni son ya zama kamar talla ko ɓatanci.

Ni ina da ɗan garke can wajen gari ta hanyar Madarunfa, ina turke raguna balami don layya da ƴan jajayen awaki namu na Maradi, kuma Duna shi ne mai gadin wurin shekara huɗu kenan. Karen gida ne baƙi mai dogayen ƙafafu irin na mafarauta. Tun da ya zo ko ɗan akuya guda ba a taɓa ɗauke mani ba, wanda ya san yadda satar bisashe take idan layya ta matso ya san abin da nike nufi. Na san akwai masu cewa kare kuma har da kai shi likita? To malamai sun karantar da mu an halatta ajiye kare don gadi da kiwo da farauta, kuma dukkanmu mun ji hadisin mutumin da Allah ya gafarta ma saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Dabbar da ke kwana waje saboda dukiyarka tana da haƙƙi a kanka, ni dai haka na ɗauka.

Abin ya fara cikin watan bakwai, gashi ya fara zuba a wuyanshi da gefen baki da ƙafafun gaba, sai ƴan ƙuraje ƙanana, yana ta susa. Baba mai kwana a garken ya ce ƙazuwa ce, ya shafa mashi baƙin mai na mota kamar yadda ake yi, kar wanda ya ƙara yin haka don Allah, fata ta ƙone ta yi jawur kuma karen ya yi ta lasa yana amai. Daga nan na sayo kafson ja da yalo wurin masu tallar magani, nike buɗewa in zuba a cikin tuwo, kwana ukku ya ɗan yi sauƙi na bari. Bayan sati biyu ya dawo ya fi da. Na sake sayo amoksisilin a farmasi, wannan karon kwana biyar. Sannan wani yaro mai yi ma ragunana allura ya yi mashi oksi, wannan allurar ta shanu da tumaki mai kalar mai, sau biyu. Duk lokacin sai a ga kamar an dace, sati guda ya koma. A ƙarshen watan takwas ƙurajen sun zama maruru suna fashewa, mugunya da jini na fita ta ƴan ramuka, tsakanin yatsunshi ya kumbura ba ya iya taka ƙasa sosai, ƙuda sun yi mashi caa, wari kuwa tun daga ƙofar garke kake ji. Wata safiya na iske shi kwance ƙarƙashin bedi, na kira sunanshi ya ɗaga wutsiya kawai ya kasa tashi, ranar ce na ɗauko adaidaita na shimfiɗa buhu munka sa shi ciki.

Likitan ba tsoho ba ne sosai, amma yana da natsuwa. Abu na farko da ya burge ni, bai ɗauko sirinji ba. Ya sa mashi takunkumi, ya ɗora shi a sikeli kilo 19, ya auna zafin jiki, sannan ya zamna ya ce Alhaji faɗa mani duk abin da anka ba shi, kar ka ɓoye ko guda, da kwana nawa nawa. Da na gama lissafi bai yi mani faɗa ba, ya ce to yanzu idan na ƙara wani antibiyotik da ka, ni ma na shiga layin masu caca da ran karen nan.

Ya ɗauko reza ya kankare fatar a wuri ukku har ta ɗan yi jini, ya sa a gilashi ya duba a mikroskop, ya kira ni ya ce zo ka gani. Wasu ƴan halittu ne dogaye kamar ƙaramar sigari masu gajerun ƙafafu, suna motsi a hankali. Ya ce sunansu Demodex, cikin ramin gashi suke zama, su ne sunka buɗe ƙofa, bakteriya kuma ta shigo ta bayansu. Kenan ko da maganin da na ba shi ya yi aiki, muddin waɗannan na nan ciwon zai dawo. Wannan kaɗai wallahi ya isa kuɗin ganin likita.

Sai batun antibiyogram. Ya matsa wani maruru da bai fashe ba, ya ɗibi mugunyar da tsinke mai auduga ya rufe cikin kwalba, ya ce labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, za a kai. Yadda ya bayyana mani, ana shuka ƙwayar cutar ne a wani faranti mai abinci kamar jeli, a bar ta cikin ɗumi kwana guda ta tsiro, a gane ko wace ce, sannan a sake shimfiɗa ta a wani faranti a jera ƴan takardu zagaye ƙanana, kowace da nata maganin. Wanda ke kashe ta sai ka ga fili fes kewaye da takardar, wanda ba ya yi mata komai sai ta tsiro har bakin takardar. A auna faɗin filin da milimita a rubuta S idan maganin na aiki, R idan ta fi ƙarfinshi.

Nan ƙorafina na farko yake. An ce mani kwana huɗu zuwa biyar, sai da na yi kwana tara. Na yi ta kira, yau a ce gobe, gobe a ce ba a aiko ba, babu mai kiranka ya ce ga halin da ake ciki, kai da ke kallon dabbarka tana ramewa kwana tara ba kaɗan ba ne. Kuma kuɗin ba wasa, gwajin da kai samfur ya ci mani jika 18, ban da ganin likita. Mai ƙaramin ƙarfi zai ji jiki, gaskiya ce wannan.

Amma ba zaman banza munka yi ba cikin kwanakin, kuma wannan ne abin da na fi son mutane su ɗauka. Ya sa anka aske gashin wuraren ciwon, ya rubuta mani ruwan wanki na kloreksidin, ya ce a jiƙa fatar da shi, a bar shi minti 10 cif kafin a ɗauraye, a duba agogo kar a yi da ka. Na ce Dokta wanka kawai? Ya ce Alhaji wankan nan rabin magani ne, ƙwayar da ta gagari kafso yawanci ba ta gagarar kloreksidin idan ya zamna a kan fata. Minti goma da kare jiƙe yana rawar jiki yana son ya kubce da nisa, nakan riƙe kanshi a cinyata ina sosa mashi bayan kunne Baba na zuba ruwan ɗumi da buta. Ya kuma ba da ibamektin don ƙazuwar, gwargwadon nauyinshi, ya ja mani kunne kar in ƙara da kaina don yawanshi na taɓa ƙwaƙwalwar kare.

Ranar da takarda ta zo na ga R jere kamar an yi layi. Amoksisilin R, wanda anka haɗa da asid klabulanik R, tetrasiklin R, sifrofuloksasin R. Bakteriyar stafilokok ce, ya ce wadda ta fi kama fatar karnuka sunanta Staphylococcus pseudintermedius, kuma irin wadda ta bijire ma metisilin, wani magani dangin penisilin, ana kiranta MRSP, tana ɗauke da wani gado a jikinta mai suna mecA da ke sa duk dangin penisilin da sefaleksin su zama ba su da amfani a kanta. Kenan da na je na sayo mai tsada daga cikin dangin nan, asara ce kawai. S guda ukku ne a takardar. Guda allura ce mai iya lalata ƙoda, guda ya ce yana da haɗari ga mai riƙe shi da hannu, ya zaɓi na ukkun, ƙwaya ce mai araha da ake samu a farmasi. Da gangan ba zan rubuta sunanta ba, don na san wani zai ruga ya sayo ma karenshi, alhali takardar Duna ta Duna ce, ta wani karen tana iya fitowa daban.

Ƙwayar nan safe da yamma ake ba shi, sati shidda, ba tsallake. Ya ce ko fata ta yi kyau a ido, ciwo mai zurfi yana warkewa daga sama ne kafin ƙasa, shi zai taɓa da hannu ya ce a tsaya. Ya ce a ajiye mashi ruwan sha kullum, in lura da idanunshi, idan sun fara bushewa ko kwantsa ta yi yawa in kawo shi nan take. Ya kuma hana ni ba shi ibuprofen ko diklofenak ko parasetamol don zafi, na farkon biyu suna huda cikin kare su taɓa ƙoda, parasetamol kuma hanta.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne da ya tambaye ni ko yara na wasa da shi. Ya ce ba kasafai take kama mutum ba amma tana iyawa, musamman mai rauni a fata ko mara lafiya, don haka safar hannu, sabulu bayan kowane wanka, buhunan da yake kwanciya a kai a ƙona a sake. Daga baya na je na karanta da kaina, wani babban bincike da mujallar The Lancet ta fitar a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 sunka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriya masu bijire ma magani, kuma inda abin ya fi muni idan anka kwatanta da yawan jama'a shi ne nan yammacin Afirka. Shi kanshi Alexander Fleming da ya gano penisilin a 1928 ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya ma ƙwayoyin cuta jure shi. Na tuna kafson da nike buɗewa a tuwo kwana ukku in bari, haka dai muke yi ma ɗiyanmu idan sun yi zawo ko tari, jikina ya yi sanyi ƙwarai.

Ƙorafi na biyu ƙarami ne amma yana da muhimmanci, duk takardun da faransanci suke, da ni ban yi lakwal ba kuma na tura Baba shi kaɗai, da an ruɗe a ƙa'idar maganin. Ya kamata ko da murya ce su riƙa turo ma mutum bayani da Hausa a waya. Kuma wurin jira babu inuwa isassa, kare mara lafiya da tumaki da kaji duk wuri guda.

Duk da haka idan an tambaye ni zan koma, kuma zan tura wani. Gaba ɗaya na kashe wajen jika 45 a wurinsu, wanda na watsar kafin in je ya kai rabin haka ban samu komai ba sai ƙarin ciwo. A sati na biyu wari ya ɗauke, na ukku ramukan sunka rufe, ya fara cin abinci yana kaɗa wutsiya idan ya ji ƙarar motona. An sake kankarar fatar sau biyu wata guda tsakani ba a ga Demodex ba kafin a tsaida maganin ƙazuwa. Yanzu gashi ya fito sai wani tabo kamar tafin hannu a wuyanshi da Dokta ya ce ƙila ba zai rufe ba. Shekaranjiya da dare Baba ya kira ni ya ce Duna ya kori wasu mutum biyu da sunka leƙo ta bayan danga.