Kundin Tinariwen: Wanda Ya Kamata Ka Saka a Memori da Wanda Za Ka Bar wa Masu Shi

Mu nan Katsina ba Turawa ne suka nuna mana kiɗan jitar Abzinawa ba. Tun kafin a fara ba su lambobin yabo, direbobin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi suna shigo mana da shi a kaset, muna jinsa a teburin mai shayi ba tare da mun san sunan masu yinsa ba. Yanzu da aka san sunan, sai ƙorafi ya biyo baya. Kusan duk tsohon mai sauraron Tinariwen da za ka zauna da shi, magana ɗaya ce: na baya-bayan nan sun yi sanyi. Ni ma ina cikin masu faɗin haka. To ga wanda zai kashe kuɗinsa ko datarsa, ga yadda nake ganin abin.

Ƙungiyar ta makaɗan Abzinawan arewacin Mali ce, kuma ta daɗe. Ibrahim Ag Alhabib da abokansa sun fara haɗuwa a Tamanrasset ta Aljeriya wajen 1979, suka ratsa sansanonin horon soja na Gaddafi a Libiya, waƙoƙinsu suna yawo hannu zuwa hannu a kaset shekara da shekaru. Sai a 2001 kundinsu ya fara isa kasuwar duniya. Wanda ya kwashe sama da shekara arba'in yana abu ɗaya, dole a sami lokacin da hannunsa ya fi zafi.

Lokacin nan shi ne 2007, kundin kuma Aman Iman. Idan ɗaya tak za ka mallaka, kada ka wahalar da kanka da neman shawara, shi ne. A Bamako aka ɗauke shi, Justin Adams, Baturen Ingila mai kaɗa jita, shi ya tsara ɗaukar, kuma abin da na fi gode masa shi ne bai cika shisshigi ba. Waƙa goma sha biyu ce, babu wadda nake tsallakewa. Daga Cler Achel da ta buɗe shi za ka ji abin da nake nufi: jitar lantarki kusan uku suna tafiya tare ba mai taka wani, bes ɗin Eyadou Ag Leche yana riƙe da su daga ƙasa, ga tafi, ga amshin mata, can sai guɗa ta tsaga tsakiya. Wannan tafin da guɗar su ne ma'aunina. Su suke sa ka ji kiɗan na mutane ne da suka taru a fili, kuma kunnen Bahaushe ba baƙo ba ne a wurin. Akwai waƙar da aka yi kan tawayen 1963 a arewacin Mali, wanda a cikinsa aka kashe mahaifin Ibrahim yana ƙaramin yaro. Ko ba ka jin Tamashek, harshen Abzinawa, muryarsa a nan ba ta buƙatar tafinta. Akwai ta Mano Dayak, jagoran Abzinawan Nijar da ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1995. Sannan ga Mohammed Ag Itlale, wanda ake kira Japonais, mutumin da ba ya son yawon ƙasashen waje, ya shigo da muryarsa mai kaushi. Ya rasu a 2021, Allah Ya jiƙansa. Ga mai tuƙi kuma, kundin nan yana kai ka Kano daga Katsina ba ka yi gyangyaɗi ba, in ka maimaita shi.

Amassakoul na 2004 shi ke biye masa, waƙa goma sha ɗaya, ya ma fi shi tsauri a wasu wuraren. The Radio Tisdas Sessions na 2001, da aka ɗauka a gidan rediyon Kidal ta arewacin Mali, na masu son tarihi ne. Sautinsa siriri ne, a lasifikar waya ba za ka ji komai ba. Imidiwan na 2009, wanda suka yi a Tessalit, shi ne na ƙarshe da zan ce ka saya ido rufe.

Daga nan aka shiga zamanin baƙi. Tassili na 2011 shi ya ci lambar yabo ta Grammy a 2012, kuma shi ne inda na fara hamma: aka jingine jitar lantarki, aka ɗauko ta katako, aka gayyato mawaƙan Amurka har da masu busa ƙaho na New Orleans. Emmaar na 2014 a hamadar Kalifoniya aka yi shi, tsaf-tsaf, ba ƙura. Elwan na 2017 yana da waƙa biyu zuwa uku masu rai, sauran kuwa tafiyar hawainiya. Amadjar na 2019 muryar Noura Mint Seymali ta Muritaniya ce ta cece shi. Amatssou na 2023, da banjo da goge irin na kauboyin Amurka, ban san wa aka yi wa shi ba, amma ba ni ba ne. Adalci dai a faɗa: yaƙin 2012 ya raba su da gida, masu bindiga sun haramta kiɗa a Kidal da kewaye, har an kama ɗaya daga cikinsu na ɗan lokaci. Mutumin da aka hana zama garinsu ba za ka tuhume shi don ya yi aiki a inda ya samu ba. Amma tausayi daban, sayayya daban.

Babbar matsalar ma ba a zaɓen kundi take ba, tana wurin masu tura waƙa. Je ka kowace rumfar turi a cikin gari ka ce a saka maka Tinariwen, yaron zai ce, "Yallaɓai, akwai su kaf, komplit." Ni an taɓa tura mini wannan komplit ɗin, na biya, na dawo gida na tarar rabi ba nasu ba ne. Duk abin da ke da jita da rawani, a jaka ɗaya suke zuba shi. Za ka sami Bombino na Agadas, da Mdou Moctar, da Tamikrest na Kidal, da Imarhan, har da kiɗan biki da wani ya ɗauka da waya a tsakiyar hayaniya, duk an rubuta musu suna ɗaya. Waɗannan mawaƙan ba laifinsu, wasunsu ma gwanaye ne, amma ba su ka biya ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: Tinariwen ba sa gudu. In ka ji ganga irin ta Turawa tana dukan uku-uku, jita tana ihu tana tsere, wannan 'yan Nijar ne na baya. Terakaft ne kawai za su iya rikita ka, don tsofaffin 'yan ƙungiyar ne suka kafa ta.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka sa ya buɗe jakar a gabanka. Ƙirga waƙoƙin: Aman Iman goma sha biyu, Amassakoul goma sha ɗaya. In ka ga talatin ƙarƙashin suna ɗaya, an yi maka haɗe-haɗe, ko an maimaita waƙa ɗaya da suna uku. Duba nauyin kowace: waƙar minti huɗu da ba ta kai megabait biyu ba, an matse ta har ta mutu, yawanci daga bidiyon YouTube aka yago ta, kuma abin da ya fara ɓacewa shi ne tafin nan da guɗar da na ce su ne ma'auni. Mai kyau ba ta kasa megabait huɗu. Kada ka yarda ya gwada maka a babbar lasifikarsa mai ƙarar bes, wadda ko kukan akuya aka saka mata sai ya yi daɗi. Saka abin kunnenka, ka saurari tsakiyar waƙa da ƙarshenta, don wasu a yanke suke, wasu kuma akwai muryar mai talla a ciki. In kana da data, manhajar Shazam za ta faɗa maka mai waƙar cikin 'yan daƙiƙu, ko ka gwada jerin sunayen da na Spotify, wanda ya shigo Najeriya tun 2021.

Shi kansa memorin abin dubawa ne. Akwai na jabu da aka rubuta wa 32GB alhali cikinsa bai kai haka ba. Zai karɓi waƙoƙin lafiya lau a shago, sunaye duk su fito, ka je gida su ƙi buɗewa. Ka zo da naka wanda ka sani, ko ka sa a cika sabon, a zare shi, a mayar, a kunna waƙar farko da ta ƙarshe kana tsaye. Faifan CD kuwa da ake cewa na asali ne an kawo daga Yamai, juya bayansa: in ka ga launin shuɗi-shuɗi ko kore-kore, ga hoton bango ya dishe ba takardar sunayen makaɗa a ciki, a kwamfuta aka ƙona shi, kuɗin faifan banza ya kamata ka biya.