Sharhi kan Selcon: yadda ya yi wa kifina mai zaizayar kai

Selcon wani ruwan mai ne da kamfanin American Marine na Amurka yake haɗawa domin a jiƙa abincin kifin teku da shi, kuma yana ɗauke da kitsen omega-3 da bitamin C da B12. Na saye shi ne saboda shuɗin kifina, irin wanda ake kira blue tang, da nake kiwo a tankin gilashi a gidana da ke unguwar Madina a Accra, bayan ya kamu da ciwon da masu wannan kiwo suke kira HLLE, wato zaizayar kai da layin gefen jiki. Ciwon yakan fara da ƙananan ramuka a kewayen ido, fatar wurin ta koɗe, daga nan ya bi layin gefen jiki wanda kifi yake jin motsin ruwa da shi. Ba ya saurin kisa, kifin ma yana ci gaba da cin abincinsa, sai dai yana ɓata masa kamanni ƙwarai.

Amfani da shi ba wuya. Nakan ɗiga kaɗan a kan nori, busasshen ganyen teku da ake samu a shagunan kayan abincin Asiya da ke Osu, in bar shi ya tsotse man na ɗan lokaci, sannan in maƙala shi a jikin gilashi. Kifin bai ƙi shi ba ko a ranar farko. Abin lura shi ne idan man ya yi yawa yakan kwantar da kumfar injin da ke tsamo datti daga ruwan tanki na wasu awanni, don haka ƙaranci ya fi.

Sai dai wanda ya ɗauki Selcon a matsayin magani zai yi asarar kuɗinsa, domin abinci ne kawai. A shekarar 2011, Jay Hemdal na gidan namun daji na Toledo a Amurka ya wallafa binciken da ya yi a kan wani kifi ɗan dangin nawa, inda waɗanda aka tace ruwansu da gawayi mai ƙura da aka yi daga wani nau'in kwal da ake kira lignite suka kamu da ciwon sosai, waɗanda kuma ba a sa musu gawayi ba suka zauna lafiya. Wannan ya sa ranar da na fara ba da Selcon na cire gawayin tace ruwa gaba ɗaya, na wanke ƙurarsa da ta kwanta a ƙasan ma'ajiyar ruwan tankin, na kuma riƙa sauya wani kaso na ruwan kowane mako, gishirinsa a kan 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa, zafinsa tsakanin digiri 25 da 26. A ganina cire gawayin ne ya tsayar da zaizayar, abinci mai kyau kuma ya taimaka wa fata ta sake tsirowa. Cikin 'yan watanni gefunan ramukan suka fara duhu, shuɗin ya dawo a layin gefe.

A Accra akwai ƙarin ɗawainiya. Selcon mai ne, zafinmu kuma yana lalata mai da wuri, saboda haka a firji nake ajiye shi, kuma idan aka daɗe da ɗauke wuta nakan shinshina kwalbar kafin in ɗiga. Ban same shi a kasuwa ba, odarsa na yi daga waje, kuɗin jigila kuwa ya sa ƙaramar kwalba ta ci sidi masu yawa, ko da yake tana jimawa.

Zan sake saye, musamman don kifaye masu cin ganye. Ramuka biyu mafi zurfi da ke saman idon kifin sun cike, amma sun bar tabo fari wanda har yanzu bai canza ba.