Hoton Kogin Rayin: Bugun Farantin Ƙarfe ko Mai Launi?

Malam, ka tambaya wane tsohon hoton kogin Rayin na ƙasar Jamus za ka saya. Tsakanin bugun farantin ƙarfe na baƙi da fari (hoton da aka sassaƙa a jikin ƙarfe aka buga a takarda) da akuwatint mai launi (bugun da ke fitowa kamar zanen fenti), na farkon za ka ɗauka. Ba ji na yi ba, duka biyun sun ci kuɗina.

Akwai na ƙarfen guda rataye a ɗakina, birnin Kolon na Jamus daga bakin kogi, cikin jerin hotunan Rayin da William Tombleson ya fitar a Landan a 1832. Ran da ya iso raina bai so ba, don da kaɗan ya fi tafin hannu. Sai da na ɗora masa gilashin ƙara girma na gane abin da na saya. Sararin sama gaba ɗaya layuka ne sirara a jere kamar zaren saƙa, ruwan ma haka, kowane layi sassaƙa shi aka yi a jikin ƙarfe. Can bisa hasumiyar babbar majami'ar garin ga wani tsohon injin katako na ɗaga duwatsu ya miƙa wuya. Ginin ya yi ɗaruruwan shekaru a tsaye ba a gama ba, sai 1842 aka koma kansa, aka sauke injin a 1868, aka kammala a 1880. Kolon ɗin da ke bangona babu mai rai da ya taɓa ganinsa. Wallahi har yau in na yi baƙo sai na jawo shi ya duba.

Kada arharsa ta sa ka raina shi. Farantin jan ƙarfe da aka saba da shi yana da taushi, ɗaruruwan bugu kaɗan layukan sun fara dushewa. Daga shekarun 1820 masu sassaƙa a Ingila suka koma ƙarfe mai tauri, wanda ke ba da dubbai. A lokacin an gama yaƙin Napoleon, Turawan Ingila sun yi dafifi zuwa yawon buɗe ido a Rayin, jirgin ruwa mai tururi ya fara zirga-zirga tsakanin Kolon da Mayinz a 1827, kowa na son ya koma gida da tsaraba. Yawan hotunan da aka buga ne ya sauke farashin.

Shi kuwa akuwatint, irin guda 24 da Rudolph Ackermann ya buga a 1820 aka shafa musu launi da hannu, yana da kyau, ban musa ba, amma ga tsada, ga launin ba ya shiri da hasken rana.

Ka yi hattara da 'yan kasuwar intanet. Wani ya taɓa sayar mini da mai launi, ya rantse na asali ne, da na sa gilashi sai ga ɗige-ɗigen injin buga takardu na zamani a jere reras. Wasu kuma bugun ƙarfen na gaske suke samu, su shafa masa launi jiya, su ninka kuɗi. Ka ce a turo maka hoton kusa-kusa na layukan, da bayan takardar, da ƙasan hoton inda galibi ake rubuta sunan mai zane a hagu, mai sassaƙa a dama. Tabo ja-ja kamar tsatsa ba abin tsoro ba ne, tsufan takarda ne. Wanda ya ƙi ciro hoto daga firam ya nuna maka, bar masa kayansa.

Nemi na Kolon ɗin nan, ko na Kobilenz inda Mosel ke haɗuwa da Rayin, ka rataye shi a bangon da rana ba ta dukansa.