PlayStation All-Stars: kwaikwayon Smash da ya tsaya a rabin hanya

Duk wanda ya taɓa buga Super Smash Bros. na kamfanin Nintendo, idan aka kunna masa PlayStation All-Stars Battle Royale, kafin minti ɗaya zai ce ai ya san wannan fuskar. Mutum huɗu a fili ɗaya ana kallonsu ta gefe, ga dandamali sama da ƙasa ana ta tsalle a kai, makamai suna ɓullowa a tsakar fili kowa na rububi, jaruman kuma kowanne daga nasa gem ɗin aka ɗauko shi. Nintendo ta fara nata a 1999 a kan Nintendo 64 da jarumai 12, su Mario da Pikachu da Link. Sony ba ta kawo nata ba sai Nuwamban 2012, a PS3 da PS Vita, aikin wani kamfani mai suna SuperBot Entertainment tare da Santa Monica Studio, masu God of War.

Ina da ɗan gidan gem a unguwarmu, kuma har yanzu akwai tsofaffin PS3 a ciki, don su ne daidai aljihun yara. Faifan na hannu na saya. A nan wajenmu PlayStation ce ke mulki, na'urar Nintendo sai an tona. Ni kaina a gidan wani abokina mai Switch na san Smash. Saboda haka zargin kwafi da aka yi ta yi wa wannan gem bai hana ni barci ba. Wanda ba shi da doki, idan ya samu jaki ai hawa zai yi. Abin da nake so na sani shi ne, da suka kwafa, sun kwafa da kyau?

A Smash, duk dukan da ka yi wa mutum yana ƙara masa wata lamba da ke ƙasan allo. Gwargwadon hawan lambar, gwargwadon nisan da zai yi idan ka make shi, har ka cilla shi wajen fili ya mutu. Shi ya sa bakin fili ya zama wurin tashin hankali: wancan na fafutukar dawowa, kai kana tsaye kana jiran sa. Masu All-Stars suka ce su ba za su bi wannan ba. A nasu, duka ba ya kisa ko kaɗan. Ka wuni kana jibgar mutum, ba abin da zai same shi. Abin da dukan ke yi shi ne cika maka wani ma'auni da suke kira AP. Idan ya cika sai ka danna madannin R2 ka saki babban hari, kuma wannan harin kaɗai ke kashe abokin karawa. Mataki uku ne. Na farko gajere ne, ana iya kauce masa ko a katse ka kafin ka sake shi. Na biyu ya fi faɗi. Na uku kuwa sau da yawa kowa yake sharewa. A wasan lokaci, kowane kisa maki 2 ne, kowace mutuwa a cire maka 1.

Yaran da suka saba da Mortal Kombat da Tekken, abin da suke fara nema a saman allo shi ne jini, wato ma'aunin ran ɗan wasa da ke raguwa idan an dake shi. Wani yaro ya riƙe Kratos, jarumin God of War, ya yi ta zabga wa ƙaninsa sarƙa, can ya juyo ya ce, "Yaya, wai ina jinin nasa? Tun ɗazu nake dukan sa ya ƙi mutuwa." Na nuna masa ma'aunin, na ce ya danna R2. Ya danna, Kratos ya zabura da takobi, ƙanin ya yi tsalle kawai ya wuce ta samansa. Duk wahalar da ya sha ta tafi a banza, sai ya sake tarawa daga farko. Ya ajiye hannun gem ɗin ya ce a sa musu ƙwallo.

Ban ga laifinsa ba. Mutum zai iya fin kowa iya faɗa a zagayen, ya fi kowa kai duka, a ƙarshe a ce shi ne na huɗu don harinsa biyu sun kuskure. Wani kuma ya laɓe a gefe yana tsintar ƙwallayen AP da suka zube, ya saki hari ɗaya a cikin cunkoso ya kwashe mutum biyu, ya zama zakara. Manyan hare-haren ma ba ɗaya suke ba. Heihachi idan ya kai mataki na uku, ɗaure sauran yake a jikin roka a harba su sama, ba gudu ba kariya, kana zaune da hannu a cinya kana kallon mutuwarka. PaRappa ma waƙa zai rera kowa ya mutu. Wasu jaruman kuwa, ko sun kai na ukun sai sun bi mutane da gudu ɗaya bayan ɗaya.

Amma fa idan aka samu mutum huɗu da suka gane tsarin, akwai wani daɗi da ke fitowa wanda Smash ba shi da shi. Lissafi ne. Ka kashe na farko yanzu ka samu kisa ɗaya, ko ka haƙura ka tara na biyu? Idan ka ga ma'aunin wani ya kusa cika, sai ka cafke shi da sandar dama ta hannun gem ka yi jifa da shi, AP ɗinsa ya zube ƙasa kowa ya wawasa. Nan ne ihu ke tashi a shagon, mutum uku su haɗe wa ɗaya kai ba tare da sun yi shawara ba. Faɗan kansa ma yana da nauyi a hannu. Madannai uku ne na duka, kowanne yana canzawa da inda ka karkata sanda, kuma ana iya jera duka a sama kamar a gem ɗin faɗa na gargajiya. Raiden da Dante suna da jeri masu tsawo, Big Daddy nauyi gare shi kamar an ɗaura masa dutse, Sly Cooper kuma ba ya kare duka sam, ɓacewa yake yi.

Inda na fi yaba musu shi ne filayen. Kowane fili gem biyu aka gwama. Kana faɗa a gaban Hades na God of War, ƙato ya cika bayan allo yana dukan ƙasa, sai ga ƙananan mayaƙan Patapon sun fito da masu suna rera waƙarsu sun far masa. A birnin Ratchet & Clank, ana cikin wasa sama za ta yi duhu, macijin nan mai kawuna da yawa na God of War ya ɓullo. A filin LittleBigPlanet kuwa, ana gina dandamalin kana kai, daga baya mai gabatar da kacici-kacici na Buzz! ya jefo tambaya, kowa ya ruga ya tsaya a kan amsar da yake ganin daidai ce. Wannan dabarar tasu ce, kuma ta yi.

Jaruman 20 ne a faifai, aka ƙara 4 daga baya ta intanet: Kat, Emmett Graves, Zeus da Isaac Clarke. A nan ne raunin Sony ya fito fili. Mutanen da suka yi wa PlayStation suna tun farko, da yawansu ba nata ba ne. Babu Crash Bandicoot, babu Spyro, don suna hannun kamfanin Activision. Babu Lara Croft, babu Cloud na Final Fantasy VII, babu Snake. Abin dariya, Snake ya riga ya shiga Smash tun 2008, Cloud kuma ya bi shi a 2015. Maimakonsu sai aka ba mu Cole sau biyu, na kirki da mugu, da Big Daddy wanda gem ɗinsa a Xbox 360 da kwamfuta ya fara fitowa. Dante da Raiden ma siffarsu ta gem ɗin da za su fito a farkon 2013 aka sako, kai ka ce talla aka zo yi. A shagona dai Kratos ake faɗa a kai, sai Heihachi saboda Tekken, sai Nathan Drake. Ba wanda ya taɓa tambayata Fat Princess.

Wasan mutum ɗaya ba shi da wani armashi. Hotuna marasa motsi da murya a farko, faɗa iri ɗaya a jere, ɗan gajeren bidiyo da abokin gaba, sai bos, wani ƙaton kai mai suna Polygon Man da aka tono daga tsohon tallan PlayStation na farko. Shafukan zaɓi kuwa kamar ba a gama su ba. Wasan intanet an rufe shi tun Janairun 2019, kuma Sony ba ta sake yin na biyu ba.

Masu bin sawun Smash ba su ƙare a kansa ba. Nickelodeon All-Star Brawl ya fito a 2021, su SpongeBob suna faɗa ba murya sai daga baya aka sa. MultiVersus na Warner Bros. ya haɗa Batman da Bugs Bunny da Shaggy, ya yi tashe a 2022, aka rufe intanet ɗinsa a Mayun 2025. Dukansu sun riƙe cilla mutum wajen fili. Wanda ke son ɗanɗana ainihin salon ba tare da Switch ba, Brawlhalla kyauta ne, har a waya yana yi.

All-Stars kuwa, idan kana da PS3 da hannu huɗu da abokan da za su jure zagayen farko na ruɗani, ka saya in ka same shi da araha. Kai kaɗai a ɗaki, kada ka ɓata kuɗinka. Kuma kafin a fara, a gwada R2 na kowane hannu. A tsofaffin hannun PS3 yana cikin madannan da ke saurin sakewa, wanda ya faɗa kan mai mataccen R2 kuwa zai gama zagayen bai kashe ko mutum ɗaya ba.