Faifan "War" na U2: abin da na ji a matsayina na mai wa'azi

Faifan War (wato "Yaƙi") na ƙungiyar mawaƙan rok ta U2 ya fito a watan Fabrairun 1983, waƙoƙi 10 ne a ciki, tsawonsu duka bai wuce minti 42 da 'yan kai ba. Ni ba ma'abocin kiɗan rok ba ne, kunnena ya fi sabawa da Littafin Waƙoƙi da gangar zumuntar mata. Amma na saurare shi a waya daga farko har ƙarshe, da rubutattun baitocin a gabana saboda Turancin mawaƙin yana da wuyar kamawa, kuma ina ganin duk wanda yake tsayawa gaban ikilisiya ranar Lahadi zai ƙaru da shi.

Samari huɗu ne 'yan birnin Dublin na ƙasar Ailan, sun haɗu tun 1976 suna 'yan makaranta. Uku daga cikinsu, wato Bono, wanda shi ne mai rera waƙoƙin, da Edge da Larry Mullen, sun yi zama a wata zumuntar Kirista mai suna Shalom, har ta kai suna tunanin ko kiɗa da bangaskiya za su taru wuri ɗaya. Mahaifin Bono ɗan Katolika ne, mahaifiyarsa 'yar Furotesta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a tsibirin da rikicin Arewacin Ailan ya ci rayuka kusan 3,500 kafin yarjejeniyar 1998, kuma akasarin masu faɗan da sunan waɗannan ɗariku biyu ake kiransu.

Waƙar farko, Sunday Bloody Sunday, ita ce ta fi riƙe ni. Ganga ce take buɗe ta, bugun fareti irin na soja, busasshe, ba ado. Sai jita ta shigo da 'yan sautuka kaɗan tana maimaitawa, sai goge mai amfani da lantarki ya keto ta sama kamar kukan mace a gidan makoki. Sunan waƙar, mai nufin Lahadin zubar da jini, yana nuni ga ranar Lahadi 30 ga Janairun 1972, lokacin da sojojin Birtaniya suka buɗe wuta a kan masu zanga-zanga a garin Derry na Arewacin Ailan. Mutum 13 suka mutu a ranar, wani ya bi su daga baya. Binciken farko ya wanke sojojin. Sai a 2010 rahoton bincike na biyu, wanda alƙali Saville ya jagoranta, ya tabbatar cewa waɗanda aka kashe ba su yi abin da ya cancanci harbi ba, Firaminista David Cameron ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Shekara 38 iyalan suna jira.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne waƙar ta kira ranar da sunanta, ta yi fushi a fili, amma ba ta kira kowa zuwa ramuwa ba. Mawaƙin ya ce ba zai amsa kiran yaƙi ba, tambayarsa kawai har yaushe za a ci gaba a haka, kuma ya rufe da ambaton nasarar da Yesu ya ci. A dandali Bono kan gaya wa jama'a cewa wannan ba waƙar tawaye ba ce, ya ɗaga farar tuta.

Mu da muke wa'azi a Kaduna ko Jos mun san yadda Lahadin farko bayan rikici take. Tun na 2000 da na 2001 na sha jin wa'azi iri biyu. Wani fasto zai hau mumbari ya yi kamar ba abin da ya faru, ya buɗe aya a kan albarka da ƙaruwar arziki, alhali a benci na uku ga gwauruwa da ta binne mijinta ranar Alhamis, zaninta ma na aro ne domin gidanta ya ƙone. Wani kuma zai zuba wa wuta mai, ya yi ta "su" da "mu" har matasa su fito daga sujada idanunsu jajur. Waƙar nan ta nuna mini cewa akwai hanya ta uku, kuma ba sabuwa ba ce. Ita ce hanyar Zabura ta 13 da farkon littafin Habakkuk: ka faɗi abin da aka yi, ka yi kuka, ka kai ƙarar wurin Allah. Muna da littafi sukutum mai suna Makoki, amma yaushe rabon da ka ji an yi wa'azi daga cikinsa?

Akwai wani abu da ya fi wannan wuya. Ranar 8 ga Nuwamban 1987 bam ɗin IRA, ƙungiyar 'yan Ailan masu yaƙar mulkin Birtaniya da makami, ya kashe mutum 11 a garin Enniskillen na Arewacin Ailan, wurin taron tunawa da mazan jiya. A daren U2 suna wasa a Denver ta Amurka. Bono ya tsaya a tsakiyar wannan waƙar ya caccaki 'yan asalin Ailan mazauna Amurka masu kambama gwagwarmayar bindiga daga nesa. Waƙar da aka rubuta kan laifin sojojin Birtaniya, ya juya ta kan masu kisa da sunan mutanensa. Annabi Amos haka ya yi: ya fara da laifin Dimashƙu da Gaza da Taya, masu sauraro suna jinjina kai, sannan ya juyo kan Yahuda da Isra'ila. Mai wa'azin da bakinsa yake buɗewa kawai idan ɗan wata jam'iyya ko ɗan wani addini ne ya yi ɓarna, ya kuma rufe idan wanda ya saya wa coci janareta ne, ba annabci yake yi ba, kamfe yake yi.

New Year's Day ta samo asali daga gwagwarmayar ƙungiyar ma'aikata ta Solidarity a Poland, sautin fiyanonta yana da daɗi, ita ce ta fi saurin shiga kunne. Seconds tana magana kan tsoron makamin nukiliya. Tsakiyar faifan kam ba ta burge ni ba. The Refugee ihu ya yi mata yawa, Red Light kuma ban ga abin da ta ƙara ba. Wanda lokacinsa ya ƙure zai iya tsallake su.

Waƙar ƙarshe sunanta "40", daga Zabura ta 40 aka ɗauko ta, mai maganar wanda ya jira Ubangiji har ya fisshe shi daga rami. A hankali take tafiya, kuma tambayar nan ta "har yaushe" ta sake dawowa a cikinta, yanzu a matsayin addu'a. Shekaru da dama da ita suke rufe wasa: mawaƙan su sauka ɗaya bayan ɗaya, jama'a su ci gaba da rerawa. Tsarin wa'azi ne cikakke. An fara da labarin jini, an ƙare a Nassi, kuma maganar ƙarshe tana bakin jama'a.

Sai dai kada a ɗauki komai. Mawaƙi yana faɗin tasa ya hau jirgi ya wuce wani gari. Fasto yana nan ranar Litinin, shi zai je asibiti, shi zai zauna da mai unguwa da limamin masallacin maƙwabta, shi zai kalli matashin da wa'azinsa ya tunzura. Zafin harshen da dandali yake ɗauka, har da ashar da Bono ya yi a daren Denver, mumbari ba ya ɗauka. Kuma waƙa tana iya tsayawa a tambaya, amma ikilisiya tana jiran a nuna mata abin da za ta yi cikin mako.

Ba faifan da za a saka a lokacin sujada ba ne. Ya fi dacewa da zaman fastoci ko ajin makarantar tauhidi, a buga baitocin a takarda, a fassara wa waɗanda Turanci bai zauna musu ba, a ajiye Zabura ta 13 da ta 40 a gefe. In da hali a haɗa da bidiyon wasan da suka yi a Red Rocks ta jihar Colorado a watan Yunin 1983, domin a can ne ake ganin farar tutar.