Hattara da masu "ajin koyon blog kyauta" a WhatsApp

Salamu alaikum jama'a. Wallahi ban so yin wannan rubutun ba don ƙanina ne aka wanke, uwa ɗaya uba ɗaya, amma jiya na sake ganin tallar nan a status ɗin mutum uku, sai na ce gara kowa ya ji.

Tallar dai wai aji ne na kwana uku, kyauta, za a koya maka buɗe blog da tallata kaya a intanet da yadda za ka riƙa kwasar dala kana kwance a ɗaki. Hoton wani matashi ne ya jingina da farar mota, ga hotunan alat na banki an jera a gefe. Kana danna link ɗin sai ka tsinci kanka a wani guruf wanda admin kaɗai ke iya magana. Kwana biyun farko ba karatu ko ɗaya, sai voice na "koci" yana ba da labarin yadda ya taso cikin talauci, sai shaidar ɗalibai wai wannan ya sayi babur wancan ya kai mahaifiyarsa Umra. Rana ta uku ya ce ai wannan share fage ne, ainihin bidiyoyin suna guruf ɗin VIP a Telegram, dubu 15 ne amma mutum ashirin na farko su biya 7,500, ƙarfe sha biyun dare a rufe. Yaron nan ya kwashi kuɗin da yake tarawa daga zaman shagon POS ya tura, kuma asusun da aka ba shi ma sunan wata mace ne daban, bai ko tsaya ya tambaya ba.

Da daddare ya zo min da murna wai Yaya zo ka ga abin arziki. Na karɓi wayar na buɗe bidiyon farko, wani Ba'indiye ne yake bayanin yadda ake ɗora WordPress, manhajar haɗa blog, da Turanci, a kusurwar sama an manna wani baƙin akwati don a rufe sunan tashar, kuma ko wahalar yanke ƙarshen ba su yi ba, mutumin na cewa a danna subscribe. Na kwafi kan maganar na saka a YouTube, sai ga bidiyon nan ɗin dai, kyauta, ya shekara da shekaru a wajen. Duk sauran haka suke, tsintar su aka yi aka tara.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Koci ya ce musu kowa ya buɗe blog ya nemi AdSense, wato tsarin Google da ke saka talla a blog ana biyan mai shi, sannan su riƙa danna wa juna talla, wai sirrin kenan. Jama'a wannan ba sirri ba ne, hanyar da Google ke rufe wa mutum asusu ce, don danna tallarka da kanka ko sa abokai su danna maka ya saɓa dokarsu, kuma in sun rufe kuɗin da ke ciki ma za ka iya rasawa. Sannan bai gaya musu AdSense ba ya biya sai kuɗinka ya kai dala 100 ba, kuma kafin nan sai an aiko maka da PIN ta gidan waya ka tabbatar da adireshinka. YouTube kuwa kafin ka ci kuɗin talla a dogayen bidiyo sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. To ina maganar kwasar dala kana kwance a ɗaki?

Bayan kwana biyar wani ya kira shi, murya a natse, wai daga ofishin koci ne za a yi aji a Zoom, an turo masa lamba shida ta saƙo ya karanto a sa sunansa. Ya karanto. Lambar shiga WhatsApp ɗinsa ce. Kafin la'asar sun bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya da sunansa, wai yana tasha an sace masa kuɗin mota, Gwaggonmu baiwar Allah ta sa aka tura dubu 20. Da muka zo dawo da WhatsApp ɗin sai muka tarar ɓarawon ya sa nasa PIN ɗin na two-step, wato lambar sirri ta biyu da ke kulle WhatsApp, dole muka jira kwana bakwai. Don Allah wanda bai kunna nasa ba ya shiga setin ya kunna yanzu, minti ɗaya ne, kuma ba wani aji a duniya da ke buƙatar lambar da aka turo maka ta saƙo.

Ni ban ce duk mai karɓar kuɗi ya koyar mayaudari ba ne, akwai masu wahala su yi bayani da Hausa tiryan-tiryan kuma sun ci guminsu. Amma ka ce ya nuna maka blog ɗinsa ka buɗe da hannunka, ba hoton alat ba. In kuma kyautar kake nema da gaske, Blogger, wurin buɗe blog na Google, ba a biyan ko sisi, manhajar WordPress kyauta ce sai dai kuɗin domain da hosting, wato sunan shafin da wurin ajiye shi a intanet, Meta Blueprint na koyar da tallar Facebook da Instagram kyauta, ga shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. In ban da domain da hosting ɗin nan, data kawai za ka ƙona.

Shi kocin tuni ya cire yaron daga guruf, lambarsa ba ta shiga. Tallar da na gani jiya motar ce dai fara, matashin ne dai, sunan ajin kawai aka canza, yanzu wai na koyon AI ne. Kuɗin Gwaggo kuwa ni na biya, har yau ba ta san abin da ya faru ba.