Zaren da na saƙa wa jikata bargo, bayan kwana arba'in ana wanke shi

Tun da aka ce haihuwar 'yata za ta faɗo a watan Disamba na san sai na saƙa bargo. Haihuwar fari ce, gida za ta zo wanka, kuma duk wanda ya kwana a Kano a tsakiyar hunturu ya san yadda sanyin asuba ke ratsa ɗaki ko an toshe taga. Bargunan kanti ga su nan birjik, masu laushi kamar gashin mage, amma na sha ganin jariri ya jiƙe sharkaf da gumi a cikinsu da zarar hantsi ya dubi ludayi. Abin da nake nema shi ne wanda zai tare sanyin dare, ba zai dafa yarinya da rana ba, sannan ya jure wanki, don kayan jariri kullum a cikin ruwa suke.

Na fi shekara ashirin ina saƙa wa yara hula da safa da ulun nan da muka saba. Sunan ne kawai ulu, ba gashin tumaki ba ne. Akrilik ne, zaren roba da ake haɗawa daga sinadaran man fetur, shi ya sa ba ya shan gumi, kuma idan iska ta bushe sai ki ji yana ƙyas-ƙyas yana janyo ƙura. A hula ba laifi. A abin da za a naɗe ɗanyen jiki dare da rana, zuciyata ba ta kwanta ba.

A kasuwar Sabon Gari na faɗa wa wani mai zare damuwata, sai ya miƙo mini wani ɗan ƙaramin dunƙule ya ce, "Hajiya, in dai na jariri ne, taɓa wannan ki ji." Na goga shi a wuyana, don tafin hannun mai aikin gida ba ya faɗin gaskiya a kan laushi. Bai soke ni ba ko kaɗan. Takardar jikinsa ta nuna daga Turkiyya yake, auduga kashi 55, akrilik kashi 45, gram 50, tsawon mita 160. Kuɗinsa ya kusa ninka na ulun da na saba, ga shi bai kai shi girma ba. Na ɗan yi jim, sannan na ɗauki guda shida, tsanwa mai haske, tunda ba mu san me Allah zai kawo ba.

Da tsinke na yi saƙar, ba da kwarashi ba. Saƙar kwarashi ta fi sauri, ta fi ado, amma tana barin ramuka, kuma yatsun jariri ba sa wuce rami ba su shiga ba. Na yi amfani da tsinke biyun nan da aka haɗa da igiyar roba, mai kaurin milimita 4, don nauyin bargon ya zauna a cinyata maimakon ya rataya a wuyan hannu. Na ɗora ido 182, wato madaukan zaren da ke kan tsinke, na yi ta saƙa biyu ta gaba, biyu ta baya, har ƙarshe. Lissafin shi ne adadin ya rabu huɗu-huɗu a ƙara biyu, don gefe da gefe su zo iri ɗaya.

Wannan saƙar ita ce rabin laushin bargon, zare kuma rabi. Tana fitowa layi-layi kamar kunyoyin gona, tudu da kwari, iska ta maƙale a kwarin ta riƙe ɗumi ba tare da nauyi ba. Ba ta da ciki da baya, duk yadda mai jego ta jawo shi cikin barci daidai ne. Bakinta ba ya naɗewa, ba sai an yi mata wani gefe ba. Sai dai tana tsukewa a faɗi: idon da zai ba ki faɗi mai yawa a saƙar shimfiɗe, a nan sai ki ga ya koma kamar mayafin wuya. Kada ki tsorata ki warware. Nawa a kwance bai kai santimita 70 ba, amma ana ja yana buɗewa, yana bin jikin yarinya.

Yanzu ga inda zaren ya ba ni wahala. Silinsa ba su murɗu sosai ba, idan bakin tsinke ya cika tsini sai ya tsaga shi, ki saƙa rabi ki bar rabi, sai kin yi layi uku ki hango wani ɗan gashi ya leƙo. Na warware ba sau ɗaya ba. Auduga kuma ba ta da tsalle kamar ulu, ba ta bin hannu, don haka duk inda kika matsa ko kika saki sai ya nuna, kuma yatsu suna saurin gajiya. Layi shida zuwa takwas nake yi bayan sallar isha'i in ajiye, wani lokacin da fitilar caji. Sai da na yi mako bakwai. A dunƙule biyu na ci karo da ƙulli a tsakiya, abin da bai kamata a gani ba a zare mai wannan tsada; na yanke na sake haɗawa a gefe, don ƙulli a tsakiyar bargon jariri ba ya ɓoyuwa.

Shidan ba su isa ba, saura kamar taƙi guda zare ya ƙare. Da na koma, launin yana nan amma lambar rinin da ke jikin takardar ta bambanta. A rumfa ba a gane komai, sai da na fito rana na ga sabon ya ɗan fi duhu. Da ɗan ragowar tsohon na riƙa yin layi biyu da wannan, biyu da wancan, har launin ya saje. Duk mai niyyar saya ta sayi bakwai ko takwas rana ɗaya, ta duba lambar ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya kawo mini kishiya ranar wata Talata da asuba, kuma a cikin bargon aka fito da ita ranar suna. Amma hukuncin gaskiya wanki ne ya yanke shi. Kusan kullum sai ya sha tumbuɗi ko fitsari. Da hannu muke wankewa, ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulun jarirai, a matse a hankali ba a murɗe ba. Bai zuba ba ko a wankin farko. Bai yi ƙuraje irin na ulu ba, sai ɗan kaɗan a gefen da ake yawan kamawa. Abin da ya fi burge ni, ƙara laushi yake yi. Sau ɗaya aka shanya shi a igiya da ruwa a jikinsa, nauyin ya ja shi ya yi tsawo, kunyoyin suka kwanta. Da aka sake wankewa aka shimfiɗa shi a kan tawul a inuwa, ya dawo kusan yadda yake. Dutsen guga kuwa ban bari ya kusance shi ba, haka kaskon wutar da ake ɗumama ɗakin mai jego, don robar da ke cikinsa narkewa take yi. Kuma kamar yadda ma'aikaciyar jinya ta ja mana kunne, iyakarsa ƙirji, a soke gefensa, ba a barinsa ya hau fuska.

Wani dare 'yar tawa ta ce, "Umma, kin ga wuyanta a bushe yake, ba kamar jiya da muka sa mata na kanti ba." Na sa hannu na taɓa, ga ɗumi, ba gumi.

Sun koma gidansu bayan arba'in, bargon na cikin jakar yarinyar. Yanzu da zafi ya fara leƙowa an ce shimfiɗa ake yi mata da shi a falo. Makon jiya na koma Sabon Gari na ɗauko takwas, ruwan madara, lambar rini ɗaya, don matar ƙanena ma ta kusa. Wannan karon tsinke mai dakusasshen baki na haɗo da su.